Haɗa jitar bes da hannunka karo na farko: tambayoyin da aka fi yi kafin sayen kit

Duk wanda ya ƙudura haɗa jitar bes, wato jitar lantarki mai kaurin murya, da kansa, tambayoyinsa ba sa wuce na wanda ya riga shi: wace zan saya, anya zan iya, me ya sa tawa take gurnani. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa, na jera su daga na mai neman saye zuwa na wanda ya riga ya buɗe kwali. Ga mai sauri, maganar a dunƙule ita ce ya sayi mafi sauƙi, kuma wuyan jitar zai zuba wa ido, ba kyan jikinta ba.

Wai mene ne kit ɗin nan, me ake tararwa a cikin kwalin?

Jita ce cikakkiya da aka kawo maka a warwatse. Aikin da ke neman manyan injuna an gama shi tun a masana'anta: an yanka jiki, an fafe gurbin wuya da ramukan kayan lantarki, an sassaƙa wuya an binne masa rodi na gyara lanƙwasa a ciki, an kuma dasa firet, 'yan ƙarafunan nan da ke gicciye a kan allon yatsu. Sai ledojin ƙananan kaya: kunnuwa huɗu na ɗaure tsirkiya, jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a gindin jita, fikof mai maganaɗisu da ke mai da motsin tsirkiya lantarki, maɓallan murɗawa, soket, wayoyi, sukuru da tsirkiyoyi.

Fenti, kayan aiki da amfilifaya ba sa ciki, katakon kuma tsirara yake zuwa. Cikin masu sayar da irin wannan kaya akwai Harley Benton na kamfanin Thomann a Jamus, da Solo a Kanada, da Pit Bull a Ostireliya. Warmoth ta Amurka mataki ne na gaba: jiki daban kake saye, wuya daban, sauran kuma kai za ka nemo. Wannan sai a karo na biyu ko na uku.

Ban taɓa riƙe zarto ba, balle aikin waya. Anya zan iya?

Za ka iya, muddin ba ka ɗauko abin da ya fi ƙarfinka ba. Kit mai wuyan sukuru da aka riga aka huda wa ramuka ba kafinta yake nema ba, hannu mai haƙuri yake nema da ido mai karanta rula. Haɗawa zalla aikin yini guda ne. Fenti ne ke cin makonni, saiti kuma ke cin hankali.

'Yan koyo ba a wurin abu mai wahala suke faɗuwa ba, a wurin gaggawa ne. Ni a jitata ta farko, ɗan sukurun da ke riƙe kunne na murɗa cikin katakon kai ban fara huda masa hanya ba. Ya shiga rabi ya tsaya, na ƙara ƙarfi, sai na ji ƙas, kansa ya faɗo kan tebur, gindinsa ya zauna a ciki. Yamma guda na kashe ina haƙo shi. Da na huda ɗan rami na goga masa kyandir ko busasshen sabulu, da minti ɗaya ya ishe ni. Sauri ya haifi nawa.

Haɗawa da kai ya fi sayen haɗaɗɗiya araha?

Yawanci a'a. In ka tara kuɗin kit da na samfefa, mai ko fenti, dalma da sababbin tsirkiyoyi, za ka ga ka kamo ko ka wuce kuɗin jitar 'yan koyo da masana'anta ta gama, ta fente, ta ba da garanti. Ranar sayarwa ma ba ta da wata daraja, tunda babu sunan kowa a goshinta. Wanda kiɗan kawai yake son fara koya gobe, ya sayi haɗaɗɗiya ya huta. Ribar kit a wani wuri take: bayan ka haɗa guda ka san ciki da wajenta, da wuya wata ƙara ko lanƙwasar wuya ta sake kai ka wurin mai gyara.

Wace siffa ta fi dacewa da karon farko?

A 1951 kamfanin Leo Fender ya fitar da Precision Bass a Kaliforniya, a 1957 aka canja mata fikof zuwa mai gida biyun da ake gani yau, a 1960 kuma Jazz Bass ta biyo baya. Galibin kit na kasuwa kwaikwayon waɗannan biyun ne, shi ya sa za ka ga an rubuta P ko J, ko PJ in an haɗa fikof ɗin iri biyu. Shawarata P, ba kwana-kwana. Fikof ɗaya gare ta, maɓallin ƙarfin murya ɗaya, na laushin murya ɗaya, kuma maɓallan da soket duk a jikin faifan robar gaba suke, don haka a kan tebur za ka yi aikin wayarka ka gama sannan ka ɗora. Gidajen fikof ɗin an naɗe su ne saɓanin juna, kowanne yana kashe gurnanin ɗan'uwansa. Ga wanda hannunsa bai faɗa da liƙin waya ba, wannan rahama ce.

J ba ta fi ta wahala sosai ba, fikof biyu ne da maɓalli uku. Abin da ke jan mutane gare ta wuyanta ne: faɗinsa a can sama milimita 38 ne, na P kuwa ya kai 41 ko fiye. Milimita uku a takarda ba komai ba ne, a tafin hannu kuwa da bambanci. In ka riƙe J ka ji ta zauna maka, ɗauke ta. Sai dai ka sani, kowane fikof nata in shi kaɗai aka buɗe yana ɗan gurnani, sai an buɗe su biyun daidai wa daida suke shiru. Halinta ne, ba laifin haɗinka ba.

Waɗanda zan ce a dakata da su: mai siffar biyolin irin Höfner 500/1, wadda cikinta rami ne kuma jakinta ba a ɗaure yake ba, matsin tsirkiya kawai ke riƙe shi, da masu siffar Thunderbird, da suka yi suna wajen rinjayar kai, abin da zan yi bayani a amsar katako, da masu na'urar ƙara sauti mai batir irin wadda Music Man StingRay ta shahara da ita tun 1976, don wayoyinsu sun fi yawa, wuraren kuskure ma haka.

Wuya mai sukuru ko mai gam?

Ana cewa wuyar aiki ba a fara ba. A nan kuwa wuyar aikin a wuya take. Mai sukuru guda huɗu ne da faifan ƙarfe a baya. In ya karkace sai ka sassauta ka gyara, in kusurwarsa ba ta yi ba sai ka cusa ɗan siririn kati a gurbi, in ma ya lalace gaba ɗaya sai ka sayi wani. Fentin ma ya fi sauƙi, don jiki daban kake yi, wuya daban.

Mai gam dama ɗaya yake bayarwa. Dole kusurwa, miƙewa da tsawo su yi daidai a lokaci guda kafin gam ya kama, in kuwa ya bushe a karkace, cire shi sai da tururi da gwani. Za ka ji ana cewa mai gam ya fi jan sauti. Ko da akwai ƙamshin gaskiya a ciki, bambancin bai kai ɗan koyo ya sa kit ɗinsa a caca ba. Fender da sukuru take ɗaure bes ɗinta tun 1951, ba wanda ya ce muryarsu ta gaza.

Tsirkiya huɗu ko biyar? Marar firet fa?

Huɗu. Da haruffan muryoyinsu ake kiransu, E, A, D da G, mafi kaurinsu tana kaɗawa kusan sau 41 a sakan. Ta biyar, B, sau 31 take yi, kuma irin wannan murya ta ƙasa tana neman wuya mai tauri da firet masu daidaito, abin da kit mai araha bai cika bayarwa ba. Sai ta zo a saɓule, tana fal-fal ba ta fita tas. Shi ya sa da yawan masu biyar ake tsawaita su zuwa inci 35.

Marar firet kallonta kamar an rage aiki, alhali ƙari ne: allon yatsun kansa ne zai zama sumul daga sama har ƙasa, kuma kunnenka ne kaɗai zai gaya maka inda murya take. A bar ta tukuna.

Mene ne inci 34 da inci 30 da nake gani a talla?

Tsawon tsirkiya ne daga matashi zuwa jaki. Matashi shi ne ɗan ƙashi ko robar nan mai tsaga huɗu da ke bakin wuya, inda tsirkiyoyi ke tada kai kafin su wuce wurin kunnuwa. Inci 34, wato milimita 864, shi ne awon Fender wanda ya zama na kowa. Inci 30, milimita 762, shi ne gajere, irin na Mustang Bass ta 1966. Gajere ya fi sauƙin miƙa yatsu, tsirkiyarsa ta fi laushi, muryarsa ta fi dunƙulewa.

Yaro ko mai gajeren hannu gajeren ya fi masa, kuma ba abin kunya ba ne. In ba haka ba, 34 ya fi kwanciyar hankali, don tsirkiya, jaka da kayan canji duk nasa aka fi samu. Ka riƙe lambar kit ɗinka a ka, za ka buƙace ta a amsar buɗe kwali.

Irin katakon jiki yana da muhimmanci?

Ana ta musu kan yadda katako ke canja sautin jitar lantarki, musun da ba ya ƙarewa. Ni dai ga mai haɗawa, abin da zai ji a jikinsa shi ne nauyi, tauri da yadda katakon ke shan fenti. Alda da ash su Fender ta yi suna da su. Alda sumul yake, fenti na zama a kansa ba gardama. Ash da mahogani suna da ƙananan ramuka a fata, in kana son ƙyalli irin na madubi sai ka fara cike su, in ba haka ba fentin ya yi ta nutsewa kamar fatar lemo. Baswud da fofla suna da sauƙin goga amma ba su da zanen a zo a gani, sun fi kyau da fenti mai rufewa. Folowniya ba ta da nauyi ko kaɗan, sai dai laushinta ya yi yawa, farce ma na iya yi mata tabo, sukuru kuma na saurin sakin jiki a cikinta.

Rashin nauyi ba kullum ne alheri ba. Jitar bes takan kai kilo 4 zuwa 4 da rabi, ga dogon wuya da manyan kunnuwan ƙarfe a ƙarshensa. In jiki ya cika sakayau, da ka saki hannu sai kan jitar ya sunkuya ƙasa, ka wuni kana tallafe shi maimakon kiɗa. Dubi hoton kit ɗin: ƙahon sama, inda ake maƙala ɗamara, ya kamata ya miƙo kusan saitin firet na 12. P da J haka suke.

Wuya galibi na maful ne. Allon yatsu kuwa, tun da yarjejeniyar CITES, ta kare dabbobi da tsirrai, ta taƙaita cinikin katakon rozwud a Janairun 2017, kamfanoni suka koma wa lorel, fau-fero da katakon haɗi. An ɗage takunkumin ga kayan kiɗa a ƙarshen 2019, ban da rozwud na Barazil, amma madadin sun zauna. Kada sunan ya dame ka. Abin lura kawai shi ne allon maful sai an shafa masa abin kariya, baƙaƙen kuwa ɗan mai ya ishe su.

Me zan tantance kafin in biya kuɗi?

Na farko, waɗanne ramuka aka huda. Na sukurun wuya da na jaki su ne manya. Wani kit ɗin ana barin wurin jaki ba alama, kai za ka auna ka huda. Ba gagara ya yi ba, amma kuskuren 'yan milimitoci a nan kan hana jita daidaita murya har abada, sai in an toshe an sake. Na biyu, ko an shafa wa jikin abin toshe fata tun a masana'anta, don in an shafa rini ba zai shiga ba. Na uku, ko wayoyin na liƙi ne ko na soka-ka-huta. Na huɗu, wanda ya fi su duka, sharaɗin mayarwa. Kusan kowane mai sayarwa ba ya karɓar kayan da aka goge ko aka fente, don haka ka san kwana nawa gare ka na dubawa.

Sharhin masu saye ma a karanta shi da wayo. Tsallake masu yabon kyan katako, nemo masu maganar wuya, firet da gurbi. In mutum biyar sun koka da tsirkiya marar kyau, ba komai, dama canja ta za ka yi. In biyu sun ce wuya ya zo a murɗe, nemi wani. Araha ba ta ado.

Kwali ya iso. Da me zan fara?

Ba da samfefa ba. Bar katakon ya kwana biyu ko uku a ɗakin da za ka yi aiki ya saba da iskar wurin, kana ƙirga kaya kana duba tsagewa. Sannan ɗauki wuya, ka kai ƙarshen kai kusa da idonka, ka hango tsawonsa kamar mai saita bindiga. Firet ɗin su jeru kamar matakala, kowanne a kwance daidai da na gabansa. Ɗan lanƙwasa gaba ko baya rodi zai gyara. Amma in ka ga na sama sun karkata hagu, na ƙasa sun karkata dama, wuyan ya murɗe, wannan kuwa ba shi da magani, mayar da shi. Sa alanki a rodin ka ɗan juya shi kaɗan ka mayar, ka tabbata yana motsi. Bi gefen wuyan da yatsa ka ji ko bakin firet na yanka.

Daga nan sai gwajin haɗi. Zura wuya a gurbinsa: ya shiga da ɗan matsi, ba da guduma ba, ba kuma yana rawa ba. Auna daga bakin matashi zuwa tsakiyar firet na 12. A jitar inci 34 za ka sami inci 17, milimita 432. Ninka shi biyu, nan ne sirdin tsirkiyar G, wato ɗan ƙarfen da take hawa a kan jaki, zai zauna, kuma ya kasance akwai sauran wurin ja da baya, don masu kauri sukan koma baya da 'yan milimitoci. Sai ka ja zare biyu daga tsagar E da ta G zuwa jaki, ka duba ko ratar da ke tsakanin kowane zare da gefen wuya ɗaya ce har ƙasa.

Ni har ɗaure komai nake yi, in sa tsirkiya, in jona amfilifaya in ji ta yi magana, sannan in kwance in fara fenti. Ƙarin aikin yini ne, amma gara a gano matsala a kan katako tsirara da a gano ta bayan wata guda ana shafa.

Waɗanne kayan aiki zan tanada?

Sukundireba mai baki daidai da sukurun, injin huda da ƙananan bakuna, rular ƙarfe mai milimita, samfefa daga lamba 180 zuwa 400, katakon naɗa samfefa, salatif na takarda, ƙarfen narka dalma da dalmar kanta, alanki, da na'urar saita murya, ko da ta waya ce. Duk sanda za ka huda, naɗa salatif a bakin mahudin daidai zurfin da kake so. Katakon kai musamman bai da kauri, kafin ka ankara baki ya ɓullo ta gaba. Magagarin matashi da kayan daidaita firet suna da tsada, kada ka saya sai ka ga buƙata. Duba amsa ta ƙarshe.

Wane irin fenti ya fi sauƙi?

Mai. Irin su Tru-Oil, man tung ko man Danish da tsumma ake shafa su, siriri-siriri, a bari ya bushe, a ɗan goga, a sake. Ba sa neman injin feshi, kuskure kuma gogewa ake a maimaita. A wuya ma sun fi daɗin hannu, ba sa kama tafi. Gargaɗi ɗaya da ba na wasa ba: tsumman da ya sha irin wannan mai, in aka cukuikuye shi aka jefa kwando, yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Shimfiɗa shi a waje ya bushe ko ka tsoma shi a ruwa.

Fenti mai launi da ƙyalli shi kowa ke mafarki, shi ne kuma ya fi tona asiri, don duk ƙarzanen da ka bari a katako sai ya fito da shi. Naitiro, irin na tsofaffin jitoci, yana neman iska, abin rufe hanci na gaske da nisa da wuta, sannan a jira kusan wata guda ya yi tauri kafin a goge shi ya yi ƙyalli. Kowanne ka zaɓa, kashi mafi yawa na aikin guga ne: bi tsawon zanen katako, kada ka gitta, kada ka tsallake lamba. Rufe gurbin wuya da salatif, in ba haka ba kaurin fenti zai hana wuya shiga.

Masu kit mai zanen damisa a gaba su yi hattara. Zanen nan ɓawo ne da bai kai milimita ɗaya ba, aka manna a kan wani katako. Guga kaɗan ta wuce kima sai ka huda shi, kuma ba ya gyaruwa. Kafin rini, shafa tsumma mai ɗan danshi: duk inda ya ƙi yin duhu, gam ne ya ɓullo, rini ma zai ƙi wurin.

Me ya sa kan jitar ya zo kamar faranti, ba siffa?

Siffar kan jitocin Fender alamar kasuwanci ce mai rajista. Siffar jiki kuwa hukumar alamomin kasuwanci ta Amurka ta ƙi yi musu rajistarta a 2009. Don haka masu kit da yawa ke kwaikwayon jiki su bar maka kai a faffaɗe. Zana naka a takarda, manna, yanka da ƙaramin zarto nesa da layi, ka ƙarasa da magagari da samfefa. Jera kunnuwan a kai kafin ka yanka, kada ka cinye wurin zamansu.

Aikin waya nake tsoro. Kuma me ke kawo gurnani?

A P wuraren liƙi ba su fi goma ba. Sirrin shi ne ƙarfen da za a liƙa ake zafafawa, dalma ta narke a kansa, ba a ɗiga ta daga sama. Liƙi mai kyau yana kwanciya sumul, marar kyau yana dunƙulewa kamar ƙwallo. Bayan maɓalli ya fi ko'ina gardama, sai an ɗan kankare shi da samfefa kafin dalma ta kama. Yi gwaji a kan guntun waya sau biyar tukuna. Maɓallan da aka saba sa wa P da J masu lamba 250k ne, da kafasita mai lamba 0.047.

Gurnani daga wutar gida yake, mai kaɗawa sau 50 ko 60 a sakan gwargwadon ƙasa, kuma yatsanka zai nuna maka inda matsalar take. In ka taɓa tsirkiya ya ragu, haɗinka lafiya, abin da ya rage shi ne ka shimfiɗa salatif na tagulla a cikin ramuka ka haɗa shi da wayar ƙasa. In ka taɓa bai canja ba, 'yar wayar nan da ke bi ta rami zuwa ƙarƙashin jaki ba ta taɓa ƙarfe, ita aka fi mantawa. In kuwa ka taɓa ya ƙaru, mai yiwuwa ka juya wayoyin soket. Mai J ya koma amsar siffa kafin ya zargi kansa.

Na gama haɗawa, amma tsirkiya ta yi sama, wani wuri kuma tana dukan firet. Kit ɗin ne marar kyau?

Da wuya. Ba ka gama ba ne, saiti ya rage, kuma a jere ake yinsa. Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 70, rodi ne ke ja da su. Saita murya tukuna. Danne E a firet na farko da na ƙarshe lokaci guda, ka duba ratar da ke tsakaninta da firet na 8: kusan milimita 0.3 ake so, kaurin katin kasuwanci. In ta fi haka ɗaure rodi, in babu rata sassauta shi. Rubu'in juyi kawai, ka sake saita murya, ka ba shi lokaci. In ya ƙi juyawa kada ka yi masa dole.

Sai tsayin tsirkiya a jaki. Awon da Fender ke bayarwa a firet na 17 kusan milimita 2.4 ne a E, 2 a G, daga nan kowa ya bi nauyin hannunsa. In sirdi ya kai ƙasa tsirkiya ba ta sauko ba, lokacin katin nan ne da na ambata a amsar wuya mai sukuru, a sa shi a ƙarshen gurbi ta wajen jiki. Sannan matashi: danne tsirkiya a firet na 3, ratar da ke kan firet na farko ta zama kamar kaurin takarda. Matashin kit kusan kullum yana zuwa da tsayi, shi ya sa muryoyin farko ke ciwon yatsa suna kuma haurawa. Fikof ya tsaya kusan milimita 3 ƙasa da tsirkiya in an danne ta a firet na ƙarshe.

Daidaita murya shi ne na ƙarshe. Kaɗa tsirkiya a sake, sannan ka danne ta a firet na 12. Na'ura ta nuna harafi ɗaya, allura a tsakiya. In ta haura, ja sirdi baya. In ta gaza, turo shi gaba. Da sababbin tsirkiyoyi ake wannan, ba da na cikin kwali ba.

Me ya kamata in canja daga kayan da suka zo da shi?

Tsirkiya, tun ranar farko. Sauran a bar su sai an yi wata guda ana kaɗawa, kunne ya faɗi abin da ke damunsa. Soket da maɓallai su ne suka fi saurin ba da matsala, su ne kuma mafi arahar canji. Fikof na iya jira. Kafin ka sayi komai, auna: cewa kit ya yi kama da Fender ba ya nufin awonsa na Fender ne. Dugadugin wuyan Fender faɗinsa milimita 63.5 ne, ramukan kunnuwa wasu milimita 14 ne wasu sun kusa 18, fikof ɗin J na wajen wuya kuma ya fi na wajen jaki gajarta.

In bayan saiti akwai wuri ɗaya ko biyu da ke ƙara, sauran kuwa lafiya, firet ne ya ɗago. Ɗora guntun ƙarfe miƙaƙƙe a kan firet uku a jere. In ya yi rawa, na tsakiyar ne mai tsayi. Wani lokaci bai zauna ba ne kawai, ɗan bugu da guduma mai kan roba zai shigar da shi. In sun yi yawa, sai a daidaita su duka, a goge, a sake zagaye kansu. Wannan aikin kaɗai ne nake cewa ɗan koyo ya kwance wuyan ya kai wa mai gyaran jita, ya kuma roƙi a bar shi ya tsaya yana kallo.